Zaɓen Na'urar Taimaka wa Ji a Dabaga

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai buƙatar kulawa, sai dai ba kowane rauni ne na'ura ke magancewa ba, domin dauɗar kunne ko mugunya magani suke buƙata, alhali lahanin da sanƙarau ko tsufa ke yi wa can cikin kunne ba ya warkewa. Saboda haka mazaunin Dabaga, da ke tsaunukan Ayar, zai fara ne da zuwa asibiti a Agadas ko Yamai a auna jinsa da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, don a saita na'urar daidai da abin da ya rasa.

Na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne ta fi dacewa da wannan yanki, domin ta fi ƙarfi, kuma ba ta saurin toshewa kamar ƙaramar da ake cusawa cikin kunne, wadda ƙura da zufa ke lalatawa, musamman ga mai yini a lambun albasa. Batun batir ma ba ƙarami ba ne: ƙananan batura sukan ƙare cikin kwanaki kaɗan zuwa mako biyu, kuma samunsu a ƙauye da wuya, shi ya sa na'ura mai caji ta fi sauƙi ga gidan da ke da farantin sola. Amma na'ura mai araha ta kasuwa, wadda ke ƙara kowane sauti ba bambanci, tana iya ƙara wa kunnen lahani.