Ƙara Daga Bayan Mota

Ran nan na tafi tashar jirgin ƙasa ta Idu, wadda aka buɗe a 2016, don in ɗauko wani baƙo. Ko da na saki kuloci sai na ji ƙwas daga bayan tsohuwar a-kori-kurata. Na sa ribas, ta sake yi.

To, jama'a, irin motocin nan da ƙafafun baya ke turawa, kamar Hilux da Hiace, suna da dogon ƙarfe a ƙarƙashi, watau farfela. Shi ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksil na baya, kuma yana da gaɓoɓi da makanikai ke kira kuros.

Abu na farko shi ne a lura da lokacin da ƙarar ke zuwa. In a kan gargada ne, a dubi sifirin da shokazoba. In kuwa wajen tashi ne ko sakin totur, a zargi farfela ko aksil.

Na tsaya a wuri mai lebur, na kashe inji, na ja birkin hannu, na tokare tayoyi da duwatsu, sa'an nan na cire giya. Na shiga ƙarƙashi na murɗa farfela da hannu. Sai ga kuros na baya yana lilo, ga jar tsatsa kewaye da shi. Da ya yi daram, amma farfela na juyawa da yawa kafin ya kama, da haƙoran aksil ne suka cinye, aikin kuwa ya fi tsada.

Ranar aka sake shi. Kada ku yi sakaci da wannan ƙara, gama in kuros ya karye ana cikin gudu, farfela na iya faɗowa. Allah ya kiyashe mu, amin.