Yaron da karatu ke yi wa wuya ba daƙiƙi ba ne

A unguwannin Yamai, daga Bukoki har Gamkalle, da ƙauyukan da ke kewaye, malamai sun san irin wannan yaro. Yana da wayo. Ya iya lissafin kuɗi a kasuwa, ya san kowace akuya a garken gidansu. Amma shekara biyu ko uku yana zuwa lakwal, bai iya haɗa "ba" da "ki" su zama "baki" ba. Sai a ce raggo ne, ko an yi masa sammu. A yi ta bugunsa, daga baya a cire shi. A ajin yaƙi da jahilci ma akwai manya irinsa. Kunya ta sa sun daina zuwa.

Mene ne wannan matsala?

Masana suna kiranta disleksiya. Wani likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, shi ya sa mata wannan suna a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14. Yaron yana da hazaƙa, ya iya lissafi, amma ko sunansa ya zo rubutawa sai ya juya haruffan.

Yau an gane cewa matsalar ba a ido take ba. Ƙwaƙwalwa ce ke shan wuya wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma, da haɗa kowane sauti da harafinsa. Da ita ake haihuwar mutum, kuma takan bi dangi. Ba hauka ba ce, ba aikin iskoki ba ne, ba a ɗaukarta wurin wani. Masana sun ƙiyasta cewa cikin yara 20 akan samu ɗaya ko biyu masu ita.

Yaya ake gane ta?

Kowane sabon ɗalibi yakan rikita b da d a farko. Wannan ba abin damuwa ba ne. Abin lura shi ne wanda ya daɗe yana zuwa aji kullum, abokansa sun wuce, shi kuwa harafin da ya koya jiya ya ɓace masa yau. Yana karatu da ƙyar, yana cankar kalma daga harafinta na farko. Wani kuma yakan haddace shafi duka, malami ya zaci ya iya. In an nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar shafin sai ya tsaya.

Kafin a yanke hukunci, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa. A duba kuma ko yunwa, ko fashin zuwa aji, ko rashin jin harshen malami ne ke hana shi.

Yadda ake koya masa

1. Kunne kafin alli. A fara da wasan baki, ba littafi. Malami ya ce "tukunya", ɗalibi ya tafa hannu sau uku: tu, kun, ya. Sannan a tambaye shi sautin da "masara" ta fara da shi, a sa ya kawo wasu kalmomi masu farawa haka, kamar mota da mage.

2. Harafi ɗaya ɗaya, bi da bi. A fara da wasula biyar: a, e, i, o, u. Sannan baƙi ɗaya, a haɗa shi da su: ma, me, mi, mo, mu. Kada a ƙara sabo sai na baya ya zauna. Da sannu ƙwai kan yi ƙafa.

3. Ido da baki da hannu tare. Ɗalibi ya ga harafin, ya faɗi sautinsa da ƙarfi, ya zana shi da yatsa a kan rairayi, ko ya gina shi da yumɓu. Likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham ne suka tsara wannan hanya a Amurka tsakanin 1930 da 1940. Ba ta bukatar kuɗi. Rairayi dai ba ya ƙarewa a Nijar.

4. A raba haruffa masu kama. Kada a koyar da b da d mako ɗaya. Haka b da ɓ, da d da ɗ, da k da ƙ. In kowanne ya zauna, sai a jera su: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bare da ɓare. Ɗalibi ya ga yadda ɗan lanƙwasa ke sauya ma'ana.

5. Kaɗan kaɗan, kullum. Minti 15 kowace rana ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Kowane zama a fara da maimaita na jiya.

6. Ban da bulala, ban da dariya. Kada a tashe shi ya yi karatu gaban jama'a ba shiri. In ya karanta kalma ɗaya daidai, a yaba masa.

Amfanin harshen gida

A Faransanci sauti ɗaya yakan zo da rubutu iri iri: o, au, eau. A Hausa da Zabarmanci kuwa, galibi yadda aka faɗa haka ake rubutawa. Saboda haka mai wannan matsala ya fi samun sauƙi in ya fara da harshen da ya tashi da shi. Nijar ta daɗe a kan wannan hanya. An fara yaƙi da jahilci a 1963. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A 1974 aka kafa ma'aikatar INDRAP a Yamai, wadda ta shirya littattafan karatu cikin harsunan ƙasa.

Aikin iyaye

Babu allura ko ƙwaya ko rubutun sha da ke kawar da disleksiya. Mutum yana girma da ita, amma in an koya masa ta hanyar da ta dace zai iya karatu, ko da a hankali ne. Uba ko uwar da ke da irin wannan yaro su je su ga malaminsa tun da wuri, kada su jira ya faɗi jarrabawa. Da dare a ba shi tatsuniya da kacici-kacici, a bar wansa ko yayarsa su zauna da shi a kan darasin ranar. Babban da ya bar aji saboda kunya, maƙwabta su je su dawo da shi, malami ya ware masa ɗan lokaci bayan an tashi.