Fulogi da man giya: Ƙananan abubuwa biyu da ke tsayar da akori-kura a hanyoyin Batsari da Safana

A Yasore da sauran ƙauyukan yankin Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina, tsohuwar akori-kura tana yin aikin motoci da yawa. Ita ke kai buhunan gero da wake da gyaɗa kasuwa, ita ke dawo da taki da gishiri da siminti, kuma idan naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, sau da yawa ita ce motar asibiti. Yankin na maƙwabtaka da Dajin Rugu, inda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna fitowa suna tare hanya suna sace mutane. Saboda haka lalacewar mota a nan ta wuce batun ɓata lokaci. Direban da motarsa ta mace a dokar daji bayan la'asar, shi da fasinjojinsa sun shiga hatsari. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, ko kiran bakanike ba ya yiwuwa.

Cikin abubuwan da ke tsayar da irin wannan mota, biyu suna daga cikin mafi arha, kuma su aka fi yi wa sakaci: fulogi da man giya. Dukansu suna ba da alama tun kafin su kai ga tsayar da mota, ga wanda ya san abin da zai duba.

Motar da ba a san tarihinta ba

Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, akori-kura ƙirar 404 da 504 suka zama jakunan ƙauyukan Arewa, kuma har yau ana ganin raguwarsu a ranakun kasuwa. Daga baya Toyota Hilux ta karɓi ragamar. Da wuya ɗan ƙauye ya saye ta sabuwa. Ko dai 'yar Beljiyam ce da ta gama aiki a Turai ko Gabas ta Tsakiya, ko kuwa wadda wata ma'aikata ko kamfani ya yi gwanjonta, ta bi hannu biyu ko uku kafin ta iso.

Irin wannan mota ba ta zuwa da takardar da ke nuna ranar da aka yi mata juye na ƙarshe. Agogon da ke ƙirga kilomita ma ba abin dogaro ba ne, domin ana iya mayar da shi baya, wani kuma ya daɗe da tsayawa. Hanya mafi aminci ga wanda ya sayi mota ta hannu ita ce ya ɗauka ba a taɓa sauya mata komai ba. Ya sa sababbin fulogai, ya juye man giya da na aksul, ya rubuta ranar a ɗan littafi, daga nan lissafinsa ya fara.

Abin da fulogi ke yi

A injin fetur, iska da mai suna haɗuwa a cikin silinda, fistin ya matse su, sannan fulogi ya yi tartsatsi ya kunna musu wuta. Kwayil ne ke ɗaga lantarkin batir daga bolt 12 zuwa dubban bolt, domin tartsatsin ya iya tsallake ɗan tazarar da ke bakin fulogi. Tazarar ba ta wuce milimita ɗaya ko kusa da haka, gwargwadon inji. Idan inji na juyawa sau 3,000 a minti, kowane fulogi yana yin tartsatsi sau 25 a daƙiƙa guda. Wannan aiki yana cinye ƙarfen bakinsa sannu a hankali, tazarar ta buɗe, har ta kai inda tartsatsin ke zuwa wani lokaci, wani lokaci ya ƙi.

Wannan shi ne abin da direbobi ke kira misin. Mota ta riƙa karkarwa a silo, ta yi nauyin tashi da safe, ta kasa hawa tudu da lodi. Hilux mai fetur da aka fi sani a nan, mai inji lita 2.7, silinda huɗu gare ta. Idan ɗaya ta daina kamawa, rubu'in ƙarfin motar ya tafi, kuma man da ke shiga wannan silinda yana fita ta salansa ba tare da ya yi aikin komai ba. Wani ɓangarensa yana wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Tazarar da ta yi faɗi kuma tana wahalar da kwayil har ya ƙone, alhali kuɗinsa ya ninka na fulogi.

Fulogi na gama-gari yakan yi kilomita 20,000 zuwa 40,000. Mai bakin iridiyam yakan kai kimanin 100,000. Waɗannan alƙaluma na kwalta ne da tsabtataccen mai. A hanyar burji, cikin ƙurar hunturu, da lodin da ya wuce ƙima, hikima ita ce a kwance a duba tun kafin a kai can. Mai motar dizal ya sani cewa injinsa ba shi da fulogin tartsatsi, domin matsi kaɗai ke kunna mansa. Abin da yake da shi shi ne hita, mai ɗumama silinda lokacin tashi, kuma rauninta ya fi bayyana da sanyin asubar Disamba da Janairu.

Yadda ake karanta bakin fulogi

Fulogin da aka kwance yana ba da labarin cikin inji. Idan bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, inji lafiya lau. Idan ya yi baƙi ƙirin da busasshen toka kamar gindin tukunya, mai ya yi wa iska yawa; a duba matatar iska da ƙura ta toshe, ko kafireta, ko nozul. Idan baƙi ne mai danshin maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, alamar ringi ko wani sashe na kan inji ya ci, kuma sabon fulogi ba zai yi maganin wannan ba sai na 'yan kwanaki. Idan kuwa ya yi fari fat, ko bakinsa ya soma narkewa, zafi ya yi yawa, kuma wannan ne mafi hatsari, domin yana iya huda fistin.

Wajen sauyawa, a bari inji ya huce, a hure ƙurar da ke ramin kafin a kwance don kada ta faɗa cikin silinda, a fara ɗaura sabon da hannu kafin a sa sifana. Kan injin yawancin waɗannan motoci na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. A sauya duka huɗun tare, da lambar da kamfani ya ƙayyade wa injin. Al'adar gasa fulogi a wuta ko kankare shi tana iya fitar da mutum daga daji ranar da ya maƙale, amma tana lalata mai bakin iridiyam. Ajiye saiti guda da sifanarsa a ƙarƙashin kujera ya fi.

Akwai kuma matsalar jabu. Sunayen NGK da Denso suna cikin waɗanda aka fi kwaikwayo a duniya, kuma kayan da ke isa shagunan ƙauye sun biyo ta hannaye da yawa daga manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas da Ƙofar Ruwa a Kano. Arhar da ta wuce hankali ita ce alama ta farko. Ingancin fetur ma yana da tasiri. A Fabrairun 2022 hukumomin mai na Najeriya da kansu sun amince cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, aka janye shi daga kasuwa. Wanda ke saye a hannun 'yan bumburutu, cikin jarka da kwalba, ya fi fuskantar mai da ruwa ko datti ya shiga.

Man giya ba iri ɗaya ba ne

Cikin akwatin giya haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna ɗauke da nauyin mota da kayanta. Mai ne ke shiga tsakaninsu ya hana su cin juna, ya kuma kwashe zafi. A akori-kura wuraren da ke buƙatarsa sun fi ɗaya: akwatin giya, aksul na baya, sannan a mota mai jan tayoyi huɗu akwai ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi da kuma aksul na gaba. Yawancin direbobi ba sa wasa da juyen baƙin mai, amma waɗannan sukan shekara da shekaru ba a buɗe su ba.

Giyar hannu takan sha mai kauri mai lamba 75W-90 ko makamancinsa. Harufan GL-4 da GL-5 da ke jikin galan suna da ma'ana. GL-5 yana da ƙarin sinadaran da aka yi domin tsananin matsin da ke cikin aksul, kuma a wasu akwatunan giya yana iya cin zoben tagulla da ke sa giya shiga cikin sauƙi. Abin da littafin motar ya ce shi za a bi. Giyar otomatik kuwa nata man daban ne, ja ne mara kauri, kuma shi ne ke isar da ƙarfin inji ya kuma sauya giyar da kansa. Tsofaffin Toyota suna amfani da Dexron ko T-IV, sababbi kuma WS. Zuba wanda aka samu a kusa saboda shi ma ja ne yana cikin hanyoyin da suka fi saurin kashe akwati.

Maƙiyan wannan mai biyu ne a ƙasar Katsina. Na farko zafi. A watan Afrilu yanayi kan haura digiri 40, ga lodi, ga yashi da ke sa tafiya da ƙaramar giya. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a zafinsa yana kusan ninka saurin lalacewarsa. Na biyu ruwa. Kowane aksul yana da 'yar ƙofar shaƙar iska. Idan mota ta taho da zafi ta faɗa rafi da damina, ƙarfen ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙo ruwa ta wannan ƙofa. Man ya koma kamar kunu, ya daina kare haƙora. Duk motar da ta ratsa ruwa mai zurfi a Agusta ta cancanci a buɗe a duba, kuma ƙarshen damina lokaci ne mai kyau na juye. Ga mota mai irin wannan wahala, kimanin kilomita 40,000 iyaka ce mai kyau.

Alamomin sun haɗa da kuka mai ƙaruwa da gudu, giya mai taurin shiga ko mai fita da kanta, da ɗigon mai a inda mota ta kwana. A otomatik, idan an sa giya ta yi jinkirin kamawa, ko inji na ihu mota ba ta ja, ko man ya yi duhu yana warin ƙuna, lokaci ya ƙure. Wajen juye, a fara kwance noti na sama da ake zubawa kafin na ƙasa, don kada a zubar da tsohon a tarar na sama ya ƙi buɗuwa. A duba maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa: laushin gari ba komai, amma gutsattsarin ƙarfe gargaɗi ne. Mai zaɓen mota domin waɗannan hanyoyi ya tuna cewa ana tura mai giyar hannu ta tashi idan batir ya mutu, otomatik kuwa ba ta tashi da turi, kuma jan ta da igiya tafiya mai nisa yana ƙona akwatinta.

Inda siyasa ta shigo

Sakacin yana da dalili. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A tsakanin nan darajar naira ta faɗi daga kimanin 460 a dala ɗaya zuwa fiye da 1,500, kuma fulogai da yawancin kayan gyara daga waje ake shigo da su. Direban da cinikin ranarsa ya ƙare a gidan mai, abin da mota za ta iya tafiya ba tare da shi ba yau shi yake ɗagewa. Amma lissafin yana juyowa kansa: motar da ke misin tana shan man da ya fi kuɗin fulogi cikin 'yan kwanaki, kuma galan ɗin man giya bai kama ƙafar kuɗin akwati ɗan Beljiyam ba. Daga nan tsadar ke hawa kan kuɗin dakon buhu, ta sauka a kan manomi da mai saye.

Wannan lissafi bai tsaya kan motocin 'yan kasuwa ba. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, aka raba mata motoci ƙirar Hilux da babura. 'Yan sanda da sojojin da ke sintiri a bakin Rugu su ma da irin waɗannan motoci suke aiki, a kan hanyoyi ɗaya, cikin ƙura da rafuka ɗaya. Ranar rabon motoci akan yi taro a ɗauki hotuna. Kuɗin juye da fulogi da taya kuwa yana cikin kasafin yau da kullum, inda idon jama'a bai cika kaiwa ba. Matashin da ke bibiyar kasafin jiha ko na ƙaramar hukumarsa yana da tambayoyi masu amsa: motoci nawa aka saya, nawa ke kan hanya a yau, nawa aka ware domin kula da su, kuma wa ke riƙe da littafin gyaransu? Haka nan hukumar SON, mai alhakin kula da ingancin kayayyaki, ana iya tambayarta yaushe jami'anta suka leƙa shagunan kayan gyara da ke wajen manyan birane.

Kafin a samu waɗannan amsoshi, abin da ke hannun mai akori-kura a Yasore ko Runka ko Ruma bai fi ƙarfinsa ba. Ya duba fulogi kafin kaka ta kama, lokacin da lodi ya fi yawa. Ya buɗe akwatin giya da aksul da zarar ruwa ya ɗauke. Ya rubuta ranar da abin da aka zuba, ya kuma tsaya a gaban bakanike ya ga galan ɗin da aka buɗe da idonsa.