DASKIN-DA-RIƊI: DAGA BAKIN KAKA ZUWA MAJIGI

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu ya ga zanen shanun da mutanen da suka bari a jikin duwatsun. Wannan ya nuna mana cewa ba da labari da hoto daɗaɗɗen abu ne a ƙasarmu. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da tatsuniya ta shiga majigi.

Tun a shekarun 1980 gidan talbijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wasan kwaikwayo. A 1990 aka fito da Turmin Danya a Kano, harkar finafinan Hausa na bidiyo ta kankama. Kafin ƙarshen shekarun nan kamfanin Sarauniya ya ɗauki tatsuniyar Daskin-da-Riɗi ya yi fim da ita.

Yawancinmu mun san labarin. Wani saurayi ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta faɗi sunansa. 'Yan mata suka ci ado suka kama hanya. A bakin rafi suka tarar da wata tsohuwa tana wanka, ta roƙe su su cuɗa mata baya, suka yi mata tsaki suka wuce. Sai ƙaramarsu, wadda aka raina saboda tsummanta, ta tsaya ta cuɗa mata. Tsohuwa ta yi mata sutura, ta kuma raɗa mata sunan. Ita ce ta zama amarya.

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki, wannan ba baƙon darasi ba ne gare mu. A 1 Sama'ila sura 16, 'ya'yan Yesse bakwai sun wuce gaban annabi, amma autansu Dawuda, wanda aka bari wurin kiwon tumaki, shi Ubangiji ya zaɓa, domin zuciya yake dubawa.

To, ina abin damuwar? Sa'ad da kaka take ba da tatsuniya a tsakar gida, takan dubi fuskar jikokinta. In yaro ya tsorata ta sassauta murya, in ya yi tambaya ta amsa, in ta ga mai raina manya a cikinsu ta ɗan jinkirta a wurin 'yan matan nan masu tsaki. Fim ba ya yin haka. Yana nuna abin al'ajabi da tufafi masu ƙyalli, yaro ya riƙe adon, ya mance da bayan tsohuwa. Yau kuwa daga Birnin Kudu har ƙauyukan Gwaram, a wayar hannu yara suke kallo, sau da yawa ba babba kusa.

Ba mu ce a hana su kallo ba. Roƙonmu ga iyaye da malaman makarantar Lahadi shi ne ku zauna ku kalla tare da su. In an gama, ku tambaye su: me ya sa ƙaramar ta tsaya? Wace tsohuwa ce a unguwarmu take bukatar a ɗebo mata ruwa? Sa'an nan ku sa su maimaita labarin da bakinsu, tun daga gatanan gatananku har ƙurunƙus. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.