Tsinin Sautin Jitar Lantarki: Daga Tsirkiya Zuwa Katantanwar Kunne

Da zarar kaka ta yi, an girbe gero da dawa an kuma cire gyaɗa, sai garuruwan karkarar Kano irin su Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, su shiga lokacin bukukuwan aure. A wannan zamani da wuya a yi biki ba a ɗaura lasifika ba, kuma da yake gidaje a wannan yanki kusa da juna suke, kiɗan da aka saki a ƙofar gida ɗaya yakan zama na unguwa baki ɗaya. Daga cikin abin da ke fitowa ta bakin lasifikar akwai garaya da gurmi waɗanda aka kusanta wa makirfo, akwai kuma sautin jitar lantarki wanda wayoyin hannu suka kawo har cikin ƙauyuka. Kukan da jama'a suka fi yi shi ne sautin yana da tsini, yana soke kunne kamar allura. Wannan tsini yana da dalili a ilmin kimiyya, yana kuma da magani mai araha, sannan gyara shi yana kare lafiyar kunne.

Jitar lantarki ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 Bala Miller ya yi tashe a Kaduna da ƙungiyar makaɗansa masu kayan kiɗan zamani. A Jamhuriyar Nijar kuwa jita ta zauna da gindinta a hannun Buzaye, irin su Bombino na yankin Agadas da Mdou Moctar na jihar Tawa, wanda ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a shekarar 2008. Haka kuma ƙungiyar Tal National ta Yamai tana rera waƙoƙi cikin harsuna da dama, har da Hausa, da rakiyar jita. Salon waɗannan makaɗa ya dogara ne ga sauti garau mai kaifi, don haka iyakar da ke tsakanin kaifi mai daɗi da tsini mai cutarwa siririya ce ƙwarai.

Mene ne tsinin sauti?

Sauti ba kome ba ne illa kaɗawar iska. Ana auna shi da yawan kaɗawar da aka yi cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin kuma ana kiransa hatz, don tunawa da masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana iya jin daga hatz 20 zuwa 20,000. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, mafi siranta kuwa kimanin sau 330. Sai dai tsirkiya ba ta fitar da sauti ɗaya tak. Tare da uwar sautin akwai waɗanda za a iya kira 'ya'yanta, masu kaɗawa ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, har abin da ya yi sama. Yawan waɗannan 'ya'ya da ƙarfinsu shi ke bambanta muryar goge da ta kuntigi, ko da sun kama sauti ɗaya. Idan 'ya'yan da ke tsakanin hatz 2,000 da 5,000 suka rinjayi uwarsu, to, a nan ne mai sauraro zai ce kiɗan ya yi tsini.

Kunne ma amfilifaya ne

Dalilin da ya sa wannan yanki ya fi damun ɗan'adam yana cikin ƙirar kunnensa. Ramin kunne bututu ne mai tsawon kimanin santimita 2.5, buɗaɗɗe a waje, toshasshe a ciki da dodon kunne. Kamar yadda kwalba takan yi kuka da murya guda idan aka hura bakinta, haka kowane bututu yake da sautin da ya fi amsawa. Na ramin kunne ya faɗo kusa da hatz 3,000, inda yakan ƙara wa sauti ƙarfi da desibel 10 ko fiye, kafin ma ya isa dodon kunne. Tun a shekarar 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna a Amurka cewa kunne ya fi saurin jin sautukan da ke wannan yanki fiye da masu kauri. A shekarar 2012 kuma masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka gano cewa sautukan da mutane suka fi ƙyama, kamar kartar kwalba da wuƙa, suna tsakanin hatz 2,500 da 5,500, kuma suna zaburar da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da ɓacin rai.

A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa, wadda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000. Georg von Békésy, wanda ya sami kyautar Nobel a 1961, shi ya bayyana cewa kowane sauti yana da mazauninsa a cikin katantanwar: sirara a bakinta, masu kauri a ƙuryarta. Ƙara mai yawa tana karya gashin waɗannan ƙwayoyi, kuma likitocin kunne sun daɗe da sanin cewa ɓarnar takan fara bayyana ne a wajen hatz 4,000. A shekarar 1988 aka tabbatar da cewa tsuntsaye, irin su kaza, suna iya sake tsiro da waɗannan ƙwayoyi idan sun mutu. Ɗan'adam da sauran dabbobi masu shayarwa ba su da wannan baiwa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan. Wanda abin ya shafa yana jin ana magana, amma sai ya riƙa kasa bambanta “saya” da “tsaya”, ko “sara” da “shara”, musamman a cikin hayaniyar kasuwa, domin waɗannan baƙaƙe sirara ne.

Inda tsinin ke samo asali

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai maɗaukin sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla mai sirantar silin gashi. A jita samfurin Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fito da ita a 1954, kuma ita ce Mdou Moctar ya yi fice da ita, naɗin yakan kai kimanin 8,000. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a gaban maganaɗisu sai lantarki kaɗan ya gudana a cikin naɗin, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. To, wannan naɗi, haɗe da wayar da ta tafi amfilifaya, shi ma yana da sautin da ya fi amsawa, wanda galibi yakan faɗo tsakanin hatz 2,000 da 5,000. Ashe ke nan jita tana ƙara gishiri daidai wurin da kunne ya riga ya ƙara nasa.

Matsala ta biyu ita ce lasifika. Wadda aka ƙera domin jita da gangan aka yi ta yadda ba ta fitar da abin da ya haura hatz 5,000 sosai. Amma a karkara ba ita aka fi samu ba. Lasifika mai bakin ƙaho, wadda ake ɗaurawa a kan bishiya ko rufin mota, an yi ta ne domin kai murya nesa, kuma ba ta iya fitar da sauti mai kauri na ƙasa da hatz 300 yadda ya kamata. Idan aka tuna cewa biyar daga tsirkiyoyi shida na jita uwar sautinsu tana ƙasa da wannan adadi, za a gane cewa ƙahon yana zubar da iyaye ne ya bar 'ya'ya. Akwatin sifika mai batir da ake ja a kan taya kuwa yana da ƙaramar lasifika ta musamman domin sirara, don haka idan aka jona masa jita kai tsaye sai ya fito da duk wata ƙaiƙayin sauti da lasifikar jita za ta tace.

Ta uku ita ce ƙure maɓallin ƙara. Kowace amfilifaya tana da iyaka, kuma idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta sai ta riƙa datse kan sautin, wannan datsewa kuwa tana haifar da sababbin 'ya'yan sauti waɗanda tsirkiyar ba ta yi su ba. Wannan ne ya sa kiɗan da yake da daɗi da la'asar yakan koma ƙaraji da dare, lokacin da aka ɗaga shi don ya danne hayaniyar taro da rugugin janareta.

Matakan gyara

Ya kamata a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Kaɗa tsirkiya kusa da jakinta yana fitar da sirara da yawa, kaɗa ta wajen wuyan jita kuwa yana ba da sauti mai taushi, abin da masu garaya da molo suka sani tun kafin zuwan lantarki. Kaɗawa da tsokar yatsa ta fi laushi a kan farcen roba siriri. Haka nan maɗaukin da ke kusa da jaki ya fi na tsakiya da na wajen wuya tsini. Sauya zuwa gare su, ko sassauta kusoshin na jakin domin ya ɗan nisanci tsirkiyoyi sirara, yana rage sukar. Maɓallin da aka rubuta wa Tone a jikin jita yana aiki ne da kondensa ƙarama wadda ke karkatar da sirara ta hana su wucewa. Makaɗa da yawa sukan bar shi a kan 10 har abada, alhali mayar da shi 6 ko 7 yakan wadatar.

Daga nan sai abin da mai gyaran rediyo zai iya yi a kasuwa. Maɓallin ƙara mai om 500,000 yana barin tsini ya wuce fiye da mai om 250,000, shi ya sa aka saba sa na biyun a jitoci masu naɗi ɗaya. Tsirkiyar da aka naɗe da nikel zalla ta fi ta baƙin ƙarfe marar tsatsa laushin murya. Maɗauki mai tagwayen naɗi, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson aka fara sa shi a jitocinsu a 1957, ya fi kaurin sauti, yana kuma kashe gurnanin lantarki. Masu manna maɗaukin fizo a jikin garaya ko gurmi su lura cewa yana buƙatar mashiga mai juriyar om miliyan ɗaya ko fiye. Idan aka jona shi a mashigar makirfo, kaurin sautin zai zube, sai ƙarar gwangwani ta rage.

A jikin amfilifaya, a rage maɓallan Treble da Presence, a ɗan ɗaga na tsakiya, a kuma kashe wanda aka rubuta wa Bright. Wajibi ne a yi wannan saiti da irin ƙarar da za a yi wasa da ita, domin abin da ya yi daidai a ɗaki cikin sanyin murya yakan zama allura a fili.

Akwai kuma batun inda lasifika ta fuskanta, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. Zangon sauti mai hatz 100 ya haura mita uku, saboda haka yana bazuwa ko'ina. Na hatz 3,000 kuwa kimanin santimita 11 ne, wato bai kai faɗin lasifika mai santimita 30 ba, don haka yakan fita a miƙe kamar hasken tocila. Idan akwatin yana ƙasa, makaɗin da ke tsaye ba ya jin tsinin, sai ya ƙara murɗa maɓalli, alhali hasken tocilar nan yana dukan kunnuwan yaran da suka yi cincirindo a gaba. Maganin shi ne a ɗaga akwatin sama da kawunan mutane, ko a jingine shi ya dubi makaɗin. Rataya bargo mai kauri a gaban tsakiyar lasifikar yana shanye sirara, kuma idan za a sa mata makirfo, a kauce wa cibiyarta a matsa wajen gefe. A guji fuskantar da ita ga bangon siminti ko rumfar kwano, domin suna mayar da sirara. Zana da tabarmi da taron jama'a kuwa suna shanye su.

Lissafin lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara. Ma'auninta ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 sa'o'i 20, 86 sa'o'i 10, har a kai 101 inda abin da ya rage bai cika minti 20 ba. A shekarar 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa cewa matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100. A fili, duk lokacin da mutum ya ninka nisansa daga lasifika, ƙarar takan ragu da kimanin desibel 6, don haka janye yaro daga mita ɗaya zuwa mita huɗu ba ƙaramin taimako ba ne. Kukan da kunne ke yi bayan an tashi daga biki gargaɗi ne cewa an wuce gona da iri.

Makaɗi da mai hayar lasifika su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin idan jinsu na sirara ya fara raguwa sai su riƙa ƙara tsini don su cike giɓin, ta haka ɓarnar ke ƙaruwa a kansu da kan masu sauraronsu. Yana da kyau su sa wani mai lafiyar kunne ya tsaya a cikin taro ya gaya musu gaskiyar abin da ke fita, su kuma riƙa toshe kunne da abin da aka yi domin haka. Wanda ya lura kunnensa yana kuka ba ya dainawa, ya nemi a auna jinsa a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, irin na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Tsirkiya idan ta tsinke ana sayen wata a kasuwa, amma gashin katantanwar kunne sau ɗaya ake ba mutum shi.