Tabon fiɗa da mabiyiyar da ke tare hanya

Tun daga shekarar 2005 da gwamnatin Nijar ta zartar da yi wa mata fiɗar haihuwa kyauta, Allah kaɗai ya san yawan uwaye da jariran da aikin ya ceto. To amma kowace fiɗa tana barin tabo a jikin mahaifa, kuma tabon nan yana da magana a ciki na gaba.

Bisa al'ada, mabiyiya, wadda jariri ke samun abinci da iska ta wurinta, takan kafu ne a saman mahaifa. Wani lokaci kuwa sai ta zauna ƙasa, ta rufe ƙofar da jariri zai bi. Likitoci na kiran wannan "plasanta pirebiya", kuma yana samun kimanin mace ɗaya cikin masu ciki 200. A ƙasan mahaifa ake tsagawa lokacin fiɗa, shi ya sa haɗarin ke ƙaruwa da yawan fiɗar da aka yi wa mace. Wankin ciki bayan ɓari da cire ƙari daga mahaifa su ma suna barin tabo.

Babban abin tsoro shi ne mabiyiya ta kafu a kan tabon, ta nutse cikin naman mahaifa, ta ƙi fita bayan haihuwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa cikin matan da mabiyiyarsu ta tare hanya, hakan na faruwa ga 11 cikin 100 idan an taɓa yi musu fiɗa sau ɗaya, 40 cikin 100 idan sau biyu ne. Sau da yawa sai an cire mahaifar kafin jini ya tsaya.

Alamar farko ita ce zubar jan jini ba tare da ciwo ba, galibi daga wata na bakwai. Kada a jira gari ya waye, kada ungozoma ta sa hannu, domin taɓawar na iya ɓalle jinin.

Saboda haka, maigida, idan an taɓa yi wa iyalinka fiɗa, ka kai ta awo da wuri tare da karnenta, a yi mata ekogarafi wajen wata na biyar, a sake a na takwas, domin sau tari mabiyiyar kan matsa sama da kanta. Idan ba ta matsa ba, sai fiɗa kafin naƙuda, a asibitin da ke da ajiyar jini, kamar gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. A tanadi ƴan'uwa masu ba da jini tun kafin ranar.