Ƙimar Fiyus da Kaurin Waya: Lissafin da Ke Tsare Dukiyar Mai Gida

Tun daga watan Yunin 2023 da aka sako darajar Naira, farashin kayan haɗa wutar lantarki ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin ƙasar nan, musamman wayar jan ƙarfe. A watan Mayun 2024, tan ɗaya na jan ƙarfe ya haura dala 11,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan. Wannan tsada ta sa magina da dama suna sayen sirriyar waya domin rage kashe kuɗi, alhali sauƙin da suke nema yakan zama silar gobara.

Abu na farko da ya kamata mai gida ya gane shi ne, fiyus ko birekar da ke cikin akwatin rarraba wuta an sa su ne domin su kare wayar da ke cikin bango. Idan wutar da ke bi ta waya ta fi ƙarfinta, sai ta yi zafi, robar jikinta ta narke. Aikin fiyus shi ne ya tsinke kafin a kai ga haka. Saboda haka ƙa'idar ita ce, ƙimar fiyus ta kai abin da kayan gida ke ja, amma kada ta wuce abin da wayar za ta iya ɗauka.

Lissafin ba shi da wuya. Ana ba gidaje a Nijeriya wuta mai ƙarfin bolt 230, kuma kowace na'ura tana ɗauke da adadin wat ɗinta a rubuce a jikinta. Idan aka raba wat da 230, sai a sami amfiya, wato yawan wutar da na'urar ke ja. Alal misali, tukunyar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan amfiya 8.7, talabijin mai wat 100 kuwa ba ta kai rabin amfiya ba. Shi ya sa filogi mai ƙafa uku, irin na Ingila da muke amfani da shi, ake sa masa fiyus na amfiya 3 ga na'urar da ba ta wuce wat 700 ba, na amfiya 13 kuma ga manya, iyakarsa wat 3,000.

Ita waya ana auna kaurinta ne da murabba'in milimita. Bisa tsarin da aka saba, waya mai 1.5 ta fitilu da fanka ce, da bireka ta amfiya 6. Mai 2.5 ta soket ce, da bireka ta amfiya 20, ko 32 idan an haɗa layin a zobe ya koma akwati. Murhun lantarki yakan buƙaci mai 6 da bireka ta amfiya 32. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka kuwa, kowacce a ja mata layinta ita kaɗai.

Sai dai waɗannan alƙaluma an tsara su ne bisa zafin yanayi na digiri 30. Inda zafi ya kai digiri 40, kamar yadda akan gani a Sakkwato da Maiduguri lokacin bazara, ko a cikin silin ɗin gidan kwano, abin da waya mai roba za ta ɗauka yana raguwa da kimanin kashi 13 cikin ɗari. Haka nan idan layin ya yi nisa, ko an cusa wayoyi da yawa cikin bututu ɗaya, tilas a ƙara kauri.

Bugu da ƙari, akwai wayar alminiyom da ake lulluɓewa da jan ƙarfe a sayar da ita da arha. Alminiyom kuwa kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke wucewa da ita yake iya wucewa da shi, don haka kaurin da aka rubuta a jikin irin wannan waya yana yaudarar mai saye. Idan aka kankare bakinta aka ga fari, to ba jan ƙarfe ba ce zalla.

Mafi haɗari shi ne al'adar ɗaura waya ko ƙusa a gurbin fiyus ɗin da ya tsinke. Zafin waya yana ninkuwa sau huɗu idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka sau biyu. Fiyus ɗin da ke yawan tsinkewa yana nuna an yi wa layin lodi fiye da kima, ko akwai lahani da ya kamata a bincika.

Hukumar SON ce ke kula da ingancin wayoyi, ita kuma hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa. Ya dace mai gini ya nemi ganin wannan takarda kafin ya ba da aiki, domin waya idan ta shiga bango aka yi filasta, sauya ta ya fi sayen mai kyau tun farko tsada nesa ba kusa ba.